Amsar Wasiƙu: Farin Tushen Haƙori, Shekara Nawa Zai Yi A Baki?

A cikin wasiƙun da suka iso teburin nan makon jiya akwai wata wadda na karanta har sau uku kafin in ajiye ta. Wani malamin makaranta ne ya aiko ta daga ƙasar Zazzau, ya kuwa roƙa kada a buga sunansa, to, mun karɓi roƙonsa. Ya ce bara babur ya kayar da shi a kan hanyar makaranta, haƙorinsa ɗaya na gaba, na sama, ya karye tun daga gindi, likita ya cire abin da ya rage. Tun daga ran nan, in ya tsaya gaban allo yana karantarwa, sai iska ta riƙa kuɓuce masa ta giɓin, sin ta koma shin, yaran baya su sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. An yi masa na roba wanda a kan cire da dare, amma bai ji daɗinsa ba, don wata rana yana cikin tsawata wa wani yaro sai abin ya faɗo bisa rajista.

Saboda haka ya yi ta tsimi da tanadi, har da shiga adashi, don a dasa masa wanda ba a cirewa. Da ya je wurin wani likitan haƙori a birni, sai aka shimfiɗa masa tushe iri biyu a kan tire. Ɗaya na wani ƙarfe ne mai ruwan toka, sunansa titaniyam. Ɗayan kuwa fari ne fat kamar tangaran, sunansa zirkoniya, ya kuma fi tsada. Ransa ya biya wa farin. Amma shekarunsa 36, kuɗin nan kuwa ba zai iya tara irinsu sau biyu ba. Shi ne ya ke tambaya, wai in ya zaɓi farin, zai kai shi tsufa, ko kuwa sai ya yi furfura abin ya bar shi a hanya?

Malam, ka yi tambayar masu hankali. Yawancin mutane in sun je wurin nan farashi su ke tambaya, ko kuwa su ce da zafi? Kai kuwa ka tambayi shekara, ita ce kuwa alƙalin wannan shari'a. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Ka riƙe karin maganar nan, don a kanta amsarka duka za ta tsaya. Na ƙarfen ya yi arba'in ɗinsa, har ya ɗora. Farin kuwa yaro ne mai ƙwazo, ya ci jarrabawar ajin farko da kyau, amma bai kai arba'in ba tukuna. Bari in warware muku zancen daki-daki.

Yadda a ke dashen

Da fari kada a haɗa wannan da haƙorin Makka wanda alhazai ke dawowa da shi. Shi wancan hula ce kawai ta zinariya ko azurfa a ke kifa wa haƙorin mutum mai rai. Wannan da mu ke zance kuwa na wanda haƙorinsa ya tafi ne har da saiwa. Likita ya kan kashe wurin da allura, ya huda ƙashin muƙamuƙi a hankali, sa'an nan ya murɗa wani abu mai kama da ƙusar nan mai zare wadda kafinta ke ɗaurawa. Tsawonta ba ya cika wuce milimita 8 zuwa 14 ba, kaurinta kuwa wajen milimita 4. Sai a bar ta wata biyu, ko uku, wani loto har shida, ƙashi ya tsiro ya rungume ta. In ta kafu sai a ɗora mata wuya, a kan wuyan kuma a ɗora kan haƙori, watau farin da ke bayyana in mutum ya yi dariya. Ashe abu uku ke nan: tushe, da wuya, da kai. Ku riƙe wannan rabon, za mu komo gare shi.

Akwai wani bambanci da ya kamata mai neman dashe ya sani. Haƙorin da Allah ya halitta ba a manne ya ke da ƙashi kai tsaye ba. Tsakaninsu akwai waɗansu zaruruwa sirara ƙwarai, su ne matashinsa, su ne kuma 'yan saƙonsa. In ka tauna tsakuwa cikin wake, su ke kai labari nan da nan, muƙamuƙi ya saki. Na dashe ba shi da su. Ƙashi ya riƙe shi ƙam, ba ya ko motsi, duk nauyin da ya sauka kansa shi kaɗai zai sha. Don haka abin da aka ƙera tushen da shi ba ƙaramin zance ba ne.

Labarin zomo

Asalin wannan sana'a daga ƙasar Suwidin ya ke. A shekarar 1952 wani likita mai bincike, Branemak, yana so ya ga yadda jini ke gudana cikin ƙashi, sai ya kafa wani ɗan bututu na titaniyam a ƙashin ƙafar zomo yana leƙawa. Da ya gama aikinsa ya zo cire bututun don ya yi amfani da shi gaba, sai ya ƙi fita. Ƙashi ya kama shi, sun zama kamar abu guda. Wani da haushi zai ji ya wuce. Shi kuwa sai ya zauna ya yi shekara goma sha uku yana bin ba'asin abin. A 1965, a birnin Gotenbag, ya dasa wa wani mutum mai suna Gosta Larson tushe huɗu a muƙamuƙin ƙasa, lokacin mutumin yana da shekara 34, watau kusan tsaranka, Malam. Mutumin nan ya ci abinci da su har ya rasu a 2006, suna nan daram. Ka ga arba'in ta cika, har da ɗoriya. A 1982 aka yi babban taro a Toronto ta ƙasar Kanada, likitocin duniya suka ga shaida, suka sallama.

Tun daga nan an dasa miliyoyin irinsa, an kuwa bi sawunsu da lissafi. Ga misali ɗaya. A 2012 likitocin jami'ar Bern ta ƙasar Suwizalan suka buga labarin tushe 511 da suka dasa wa mutum 303. Bayan shekara goma suka kirawo su suka duba, suka tarar kashi 98.8 cikin ɗari na nan a baki. To, in haka ne, me ya sa a ke neman wani? Dalili na fari launi ne. In dasashin mutum siriri ne, ko ya janye da tsufa, ruwan tokan ƙarfen ya kan nuno ta ƙarƙashi kamar inuwa, a haƙorin gaba kuwa wannan abin kunya ne. Na biyu, waɗansu ba su son ƙarfe a jikinsu ko kaɗan. Na uku, akwai wanda jikinsa ba ya shiri da titaniyam, amma irinsu ba su da yawa. A ƙasar Sifen an duba mutum 1,500, aka buga sakamakon a 2008, tara kaɗai aka samu.

Daga ina farin ya fito

Zirkoniya daga wani yashi mai nauyi a ke samunta, sunansa zirkon. Ostareliya da Afirka ta Kudu su ne manyan masu haƙo shi, amma mutanenmu da suka yi aikin kuza a Jos sun taka shi da ƙafarsu, don yana cikin abin da ke saura bayan an wanke kuza. A kan tace shi ya zama gari fari mai laushi, a matse shi, a gasa a tanderu mai tsananin zafi, sai ya fito tangaran mai taurin gaske. Halin tangaran kuwa kowace uwargida ta san shi. Ba ya tsatsa, ba ya canza launi, amma ba ya lanƙwasa. Kwanon ƙarfe in ya faɗi sai ya loɓa, a buga shi ya koma. Farantin tangaran in ya faɗi sai a kawo tsintsiya. An taɓa gwada wani tangaran dabam a bakin mutane a birnin Tubingen na ƙasar Jamus cikin shekarun 1970, ƙashi ya karɓe shi, amma ya riƙa karyewa, har aka janye shi daga kasuwa.

Abin da ya raba zirkoniya da sauran tangaran wata dabara ce da waɗansu masana uku na Ostareliya suka bayyana a 1975. In an gauraya garin da ɗan wani sinadari kafin gashi, ƙwayoyinsa su kan daskare a matse, kamar mutanen da aka cusa cikin ƙaramin ɗaki. Sa'ad da tsagewa ta fara shiga, ƙwayoyin da ke bakin tsagar sai su sami sarari su kumbura, wajen kashi 4 cikin ɗari, kumburin nan kuwa shi ke matse tsagar ya hana ta ci gaba. Kun san ƙotar gatari in ta yi sako-sako, a kan jiƙa ta, itacen ya kumbura ya kama ƙarfen. To, kwatankwacin haka ne. Saboda wannan hali masanan suka kamanta ta da ƙarfe, likitoci kuma suka fara sha'awarta.

Amma fa inda ƙarfinta ya ke, nan lagonta ya ke. An gano cewa danshi da ɗumi su kan sa ƙwayoyin da ke bisa fuskarta su kumbura da kansu, ba tare da wata tsaga ta kira su ba. A hankali, shekara bisa shekara, fuskar ta yi kaushi, ƙananan tsagogi su ɓullo, ƙarfi ya ragu. Masana na kiran wannan tsufan zirkoniya. Duniya ta ga aikinsa a 2001. Kafin a kai ta baki, an daɗe ana ƙera ƙwallon gaɓar kwatangwalo da ita, don masu ciwon ƙugu. Wani kamfani a Faransa ya sake irin tanderun da ya ke gashi, sai ga ɗaruruwan ƙwallayen nan suna fashewa a jikin mutane, aka yi ta janye su, aka sake yi wa bayin Allah aiki. Sunan abin bai sake ba, farinsa bai sake ba, gashi kawai aka sake. Masu ƙira sun ɗauki darasi, an tsananta ƙa'ida ƙwarai tun daga lokacin. Amma ku tuna baki kullum a jiƙe ya ke, kullum da ɗumi, ga tauna safe da yamma. Gwajin da a ke yi a ɗakin bincike yana nuna na yanzu suna jurewa, sai dai gwajin ɗaki dabam, shekara talatin a bakin mutum dabam.

Abin da lissafi ya nuna

An fara dasa wa mutane tushen zirkoniya ne sosai a farkon shekarun 2000. Na farkon nan ba su yi abin yabo ba. A 2016 aka buga labarin tushe 161 da aka dasa a birnin Munik na Jamus, aka bi su har wajen shekara bakwai. Kashi 77 cikin ɗari kaɗai suka tsira. Siraran cikinsu, masu kaurin milimita 3.25, su suka fi shan kashi, don kashi 58 da ɗoriya kaɗai suka rage. Waɗansu ƙashi ne bai kama su ba, waɗansu kuwa karyewa suka yi. Daga nan masu ƙira suka gyara, suka sake yadda su ke kausasa fuskar tushen don ƙashi ya sami abin kamawa, suka gyara fasalin zaren, suka yi hattara da sirantawa.

Na bayan nan sun fi na farko nesa ba kusa ba. A 2023 waɗansu masu bincike na jami'ar Malmo ta Suwidin suka tattara rahoto 25 daga wurare dabam-dabam suka haɗa lissafinsu. Tushen zirkoniya 4,017 ke nan a bakin mutum 2,083. A ciki 172 suka lalace. Waɗanda suka karye 26 ne, galibinsu kuwa sirara. Da suka buga lissafi sai suka ƙiyasta cewa bayan shekara goma kashi 95.1 cikin ɗari za su kasance a wurinsu. Suka kuma lura irin waɗanda aka daina sayarwa sun fi lalacewa bisa waɗanda ke kasuwa. Wannan labari ne mai daɗi, ba kuwa zan rage masa daɗi ba. Wanda ya ce maka farin tushe abin banza ne, labarin da ya wuce ya ke ba ka.

Sai dai ku malamai kun san a kan karanta takarda har ƙasa. A cikin rahoto 25 ɗin nan, bakwai kaɗai suka bi mutanensu fiye da shekara biyar. Watau lissafin shekara goman nan a kan 'yan kaɗan ya jingina. Kamar malami ne ya ɗauki yara ɗari, yawancinsu suna aji biyu ko uku tukuna, 'yan ƙalilan suka kai ajin ƙarshe suka ci jarrabawa, sai ya ce makarantarsa ba a faɗuwa. Mai yiwuwa ne gaskiyarsa, amma mai hankali zai ce a jira sauran su iso. Ga wani abu kuma. Tun da masu ƙira ba su daina gyare-gyare ba, sau da yawa irin da aka bi shekara goma ba shi ne a kan tiren likita yau ba, wanda ke kan tiren kuwa bai yi shekara goma a duniya ba. Shaidar shekara ashirin ko talatin, irin wadda titaniyam ke da ita, ba ta samu ga zirkoniya ba tukuna, don kwanakin ba su cika ba.

Guda ɗaya ko biyu

Farin tushen nan iri biyu ne. Akwai wanda tushe da wuya a haɗe su ke, ƙira ɗaya. Akwai kuma wanda a ke dasa tushen dabam, daga baya a ɗaura masa wuya. Mai ƙira ɗaya shi ya fi daɗewa, shi ya fi shaida, amma yana da wuyar sha'ani. Tilas likita ya kafa shi daidai tun farko, don in ya karkace babu wuyan da za a sake a miƙe shi. Kuma tun ran da aka dasa shi kansa na waje cikin baki, sai an yi masa kariya kada harshe da abinci su riƙa girgiza shi kafin ƙashi ya kama. In kuwa likita ya ce bari ya goge wuyan da injin don ya daidaita, to, lissafin Malmo ya nuna waɗanda aka goge sun fi lalacewa. Mai ƙira biyu ya fi sauƙin sarrafawa, amma ya fi ƙuruciya, a lissafin nan kuma bai kai mai ƙira ɗaya tsira ba. Ƙungiyar likitocin dashe ta Jamus ta fitar da ƙa'ida a 2022, ta ce mai ƙira ɗaya ana iya ba da shi a madadin titaniyam, mai ƙira biyu kuwa sai an gaya wa mai haƙori ɓaro-ɓaro cewa shaidar dogon zamani ba ta taru a kansa ba.

Har wa yau, in an ce tushe ya tsira, ma'ana yana nan a baki kawai. Tsohuwar katanga ma tana tsaye, alhali ruwa na cin gindinta. Ƙashin da ke kewaye da tushe ya kan ja baya kaɗan-kaɗan. A rahotannin zirkoniya da aka tattara an ga ja bayan nan daga rabin milimita da ɗoriya har zuwa milimita 2. Babban abokin gaba kuwa shi ne ciwon da dauɗar baki ke kawowa, dasashi ya kumbura, ya riƙa jini, ƙashi ya riƙa zaizayewa, sau da yawa ba tare da zafi ba. A Suwidin an duba masu tushen titaniyam bayan shekara tara, aka buga a 2016, aka tarar kashi 14.5 cikin ɗari na da wannan ciwo mai tsanani ko matsakaici. Masu tallan zirkoniya su kan ce ƙwayoyin cuta ba su manne mata kamar ƙarfe. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A Italiya, a 2004, an sa wa mutane 'yan faya-fayai na iri biyun a baki, aka tarar ƙwayoyin sun rufe kashi 12 na fuskar zirkoniya, kashi 19 na titaniyam. Amma kwana ɗaya tak faya-fayan suka yi a baki. Ba a tabbatar ba tukuna cewa wannan rata tana hana ciwon bayan shekaru. Farin ma yana kamuwa in an bar shi da dauɗa.

Shawarata ga Malam

To, Malam, ga abin da na gani. Haƙorinka ɗaya ne, na gaba ne, ba shi ke ɗaukar nauyin turamen baya ba. In dasashinka siriri ne, ƙashinka kuma da fāɗi har zai ɗauki tushe mai kauri, mai ƙira ɗaya, na kamfanin da ya daɗe, kuma likitan ya saba da shi, to, zaɓen farin ba wauta ba ne. Amma ka ce giɓin ya shekara. Ƙashi kuwa in ya rasa haƙori ya kan motse, har ya kan rasa kusan rabin fāɗinsa cikin shekarar farko. In hoton ƙashi ya nuna wurin ya sirance, sai dai tushe siriri ko a yi ƙarin ƙashi, to, kada ka yarda a sa maka siririn tangaran. Nan ne ya fi karyewa, in kuwa ya karye cikin ƙashi, fitar da guntun sai an sassaƙe ƙashin da ke kewaye, ga ciwo ga sabon kashe kuɗi.

Ka tuna na ce abu uku ne, tushe, da wuya, da kai? To, ga wata hanya ta tsakiya wadda likitoci suka daɗe suna bi. A sa tushe na titaniyam can cikin ƙashi inda ido ba ya gani, sa'an nan wuya da kai a yi su da farar zirkoniya. Ka sami ƙarfin tsoho a ƙasa, ka sami hasken yaro a sama. In kan ya guntule wata rana, a sake shi ba tare da an taɓa ƙashi ba. Da ni ne mai shekara 36, mai kuɗin adashi ɗaya, wannan hanya zan fara tambaya, don da tsohuwar zuma a ke magani. Amma hukunci na ƙarshe na likitan da ya duba bakinka ne, ya ga hoton ƙashinka.

Matambayi ba ya ɓata. In ka koma, kada kwarjinin farar riga ya hana ka buɗe baki. Ka tambaye shi wane kamfani ya ƙera tushen, kuma wannan irin nasa shekara nawa aka bi shi a bakin mutane. Ka tambayi kaurinsa, da ko ƙira ɗaya ne ko biyu. Ka tambaye shi guda nawa ya dasa da hannunsa, kuma na farkonsu shekara nawa ke nan. Ka tambaya in ƙashi bai kama ba, wa zai ɗauki asarar. Daga ƙarshe ka roƙa a rubuta maka sunan tushen da lambarsa a takarda, ka ajiye tare da takardun gidanka, don wata rana kana iya samun kanka a wani gari, gaban wani likita, shi kuwa ba zai san maɓallin da zai buɗe abin da bai san sunansa ba. Likitan kirki ba ya fushi da irin waɗannan tambayoyi. Wanda ya yi fushi kuwa, ya ba ka amsa ke nan.

Saura rabonka. Ko da wane iri aka sa, mai baki shi ke riƙe da rabin shekarun tushensa. Shan taba na hana ƙashi kamawa, yana kuma gaggauta zaizayarsa. Ciwon sukari in ba a kula da shi ba haka nan. Wanda dasashinsa ke jini, a warkar da wannan tukuna kafin a yi zancen dashe. Mai cizon haƙora cikin barci ya gaya wa likita, a yi masa abin sawa da dare. Fasa ƙashi don neman ɓargo, da ɓare rake, da buɗe kwalba da baki, waɗannan duk ka yi musu sallama, ka bar wa wuƙa aikinta. A wanke baki safe da dare, da buroshi ko asuwaki mai laushi, a bi gindin tushen a hankali, a share tsakanin haƙora da zaren sakace. Kuma ko ba ka jin kome, ka kai bakinka a duba aƙalla sau ɗaya a shekara. Wanda kuwa aljihunsa bai kai dashe ba, kada ya ci bashi don kunya. Akwai gada wadda a ke ratayawa jikin haƙoran maƙwabta, akwai na cirewa wanda in an gyara shi daidai ya kan zauna lafiya.

Kafin in rufe, ga wata guzuri ga malaman makaranta duka, tun da ku ke tare da yara a filin wasa. Ba a yi wa yaro dashe sai ƙashin fuskarsa ya gama girma, saboda haka haƙorinsa na dindindin in ya fita, babbar asara ce. In yaro ya faɗi haƙorin nan ya fita ɗungum da saiwarsa, kada a yar. A ɗauke shi ta kai, kada a taɓa saiwar, kada a kankare ta. In ya yi ƙasa a ɗauraye shi kaɗan, a mayar da shi raminsa in an iya. In ba a iya ba a tsoma shi cikin madara, a ruga wurin likitan haƙori cikin sa'a guda. Sau da yawa ya kan kama. Wannan ban da haƙoran nono, su ba a mayar da su.

Malam, Allah ya ba ka sa'a, ya sa sin ɗinka ta komo wurinta, yaran baya kuma su rasa abin dariya. In an gama aikin ka rubuto mana yadda aka ƙare. Haka kuma duk wani mai karatu da ke da dashen haƙori wanda ya haura shekara goma, fari ko na ƙarfe, muna roƙonsa ya aiko mana da labarinsa, mai daɗi ko marar daɗi, mu buga don 'yan'uwa su ƙaru, ba za mu sa sunansa ba in bai so. Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Haza wassalam.

Naku,
Mai Amsa Wasiƙu